Yadda Hausa ta Rarraba Gaɓoɓin Kalmomin Ingilishi

Tun kafin zuwan Turawa, Hausa ta saba da baƙin kalmomi. Daga Larabci ta karɓi littafi da alƙali da lahira, ta gyara su bisa ga tsarinta. Tsarin kuwa shi ne, gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, ko baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Baƙaƙe biyu ba sa haɗuwa a farkon gaɓa.

Ingilishi ya fara shigowa ne ta bakin soja. Cikin 1897 aka kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda Hausawa suka yi yawa a cikinta, kuma cikin 1903 Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingila. A bariki aka sami saje da kofur da samanja. Wannan ta ƙarshe kalmomi biyu ce masu gaɓa huɗu a Ingilishi, Hausa ta dunƙule su zuwa gaɓa uku: sa-man-ja. Daga ofisoshin mulki kuma aka sami Razdan da Di'o da En'e.

Da mota ta zo, sai aikin ya koma hannun direbobi da makanikai. A dubi sukurudireba. A Ingilishi gaɓa uku ce, tana farawa da baƙaƙe uku a jere. Bahaushe ya cusa wasali a tsakaninsu, ta zama gaɓa shida: su-ku-ru-di-re-ba. Haka aka yi wa burodi da firamare, har da tirelar da ke kwasar albasa daga Aliero. Manomin Fagada da ɗan kasuwar Jega, ko ba su shiga aji ba, ba sa kuskuren wannan ƙa'ida.

Saboda haka ɗalibin da ya ƙara wasali cikin doguwar kalmar Ingilishi, dokar harshensa yake bi, kuma dariya ko bulala ba sa kawar da ita. Abin da ya wajaba ga malami shi ne ya rarraba masa kalmar gaɓa-gaɓa, ya nuna masa inda baƙaƙe suka haɗu da inda nauyin murya yake sauka. Ta haka ɗalibi zai furta Ingilishi daidai a muhallinsa, ya kuma faɗi asibiti da Hausa ba tare da jin kunya ba.