Tsibirin Gobir: ƙaramin gari mai babbar karaga

Tarihinmu na yau bai yi nisa da gida ba. In ka bar Maradi ka kama gudron da ke tafiya Gidan Runji da Madawa da Ƙonni, kimanin kilomita 12 kawai za ka yi ka iso Tsibiri. Da yawa cikinmu ratsa garin muke cikin mota, mu sayi abin da za mu saya bakin hanya mu wuce, ba mu tuna cewa nan ne karagar Gobir ke zaune kusan shekara 190.

Mu fara da sunan. A Hausa, tsibiri shi ne tudun da ruwa ya kewaye. Nasara ya zo, harshensa ba ya iya "tsa", sai ya rubuta Tibiri, kuma haka ya zauna cikin takardun gwamnati har yau. Sau da yawa akan ƙara Gobir a bayansa, don a bambanta shi da wani Tibirin da ke jahar Doso, wajajen Dogon Dutsi. Mu dai ba mu da teku a Nijar, to ina aka samo tsibiri? Amsar tana cikin gulbi.

Gulbi shi ne uwar garin

Gulbin Maradi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina a Najeriya. Yana shigowa Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Jiratawa, ya goga gefen Maradi, ya wuce Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗe da ruwan Rima da ke gangarawa Sakkwato. Ba kogi ba ne mai gudu duk shekara. Da rani rairayi ne, yara na wasa cikinsa. Da damina kuwa, tsakanin Yuni da Satumba, sai ya cika ya batse, ya malale cikin fadama, ya bar tuddai nan da can tsakiyar ruwa. Wanda ya taɓa ganin kwarin a watan Agusta ba sai an yi masa dogon bayani kan sunan garin ba.

Wannan kwari shi ne arzikin yankin. A kan jigawa ana noma gero da wake da gyaɗa, a fadama kuma dawa da taba da kayan lambu da itatuwan marmari. Ruwa bai da zurfi a ƙasa, rijiya ba ta wahalar haƙa. A zamanin da kwarin kurmi ne mai duhu, wanda doki ba ya ratsawa cikin sauƙi. Ku riƙe wannan, don shi ne dalilin da ya sa aka kafa garin a nan.

Gobirawa kafin Tsibiri

Gobir na cikin Hausa Bakwai, kuma ita aka sani da yaƙi, don ita ke bakin iyakar arewa tana fuskantar Abzinawa. Labarin baka ya ce Gobirawa sun zauna a Abzin kafin su gangaro kudu. Sun yi babban birni a Birnin Lalle, wajajen Dakwaro na yanzu, suka ci gaba da matsowa har tsakiyar ƙarni na 18, lokacin da Sarki Babari ya ci ƙasar Zamfara ya gina Alƙalawa bakin gulbin Rima. A Alƙalawa ne Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, Gobir ta kai ƙololuwar ƙarfinta. Bayansa aka yi Yakuba, aka yi Nafata, aka yi Yunfa.

A zamanin Yunfa ne saɓani da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kai ga yaƙi. Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto cikin Yuni na wannan shekara, kuma a 1808 Alƙalawa ta faɗi, Yunfa ya mutu a cikinta. Birni ya tafi, amma gidan sarauta bai ƙare ba. Kusan shekara 30 'ya'yan sarki na yawo da karagarsu, yau sulhu, gobe yaƙi.

Ƙarshen wannan yawo ya zo ne da wata babbar asara. A 1836 Sarkin Gobir Ali ya haɗa kai da Sarkin Katsina na Maradi, Rauda, da wasu Abzinawa, suka kara da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke. An ci su yaƙi, Ali da Rauda duka suka kwanta a fagen fama. Cikin wannan hali ne Mayaƙi ɗan Yakuba ya tattara sauran Gobirawa, da goyon bayan Ɗan Mari wanda ya gaji Rauda a Maradi, ya zo ya kafa Tsibiri.

Karaga biyu, gulbi ɗaya

Abin lura shi ne Maradi ma haka ta samu sarautarta. Katsina ta faɗi hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautarta ya watse, Ɗan Kasawa ya yi zama a Damagaram kafin ya zo ya kafa karagarsa a Maradi wajajen 1819. Ke nan cikin shekara 20 sarautu biyu na Hausa Bakwai suka sami mafaka a kwari ɗaya, tafiyar hantsi tsakaninsu: Sarkin Katsina a Maradi, Sarkin Gobir a Tsibiri. Kurmi na kare su, fadama na ciyar da su, kowa na tsare wa ɗan'uwansa baya.

Mayaƙi ya yi sarauta fiye da shekara 20. Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, ya sha fitowa yaƙi kan Gobirawan Tsibiri, amma garin bai shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. Abin da yaƙin waje ya kasa, rikicin gida ya so ya yi. Bayan Mayaƙi, a zamanin Bawa ɗan Gwamki, wani ɗan sarki da aka fi sani da Ɗan Halima ya ware da mutanensa ya kafa Sabon Birni, ya yi sulhu da Sakkwato. Tun daga nan Gobir ta zama gida biyu, tun kafin wani Bature ya ja layi a taswira.

A fadar Tsibiri sarki ba ya mulki shi kaɗai. Akwai Taran Gobir, manyan masu sarauta da ke da bakin magana wajen zaɓen sarki, kamar yadda Maradi ke da Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi. Akwai kuma Inna, mace daga gidan sarauta, wadda ke shugabantar mata kuma al'amuran bori ke hannunta. A Maradi takwararta ita ce Iya. Ga kuma askar Gobirawa a kumatu, shida gefe guda bakwai ɗaya gefen, wadda ta sa ko a kasuwar Ibadan aka ga Bagobiri an gane shi, Bayarbe ya fara yi masa tsiyar taubasantaka, kamar yadda Zabarmawa ke yi mana a Yamai.

Yadda muka zama 'yan Nijar

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba: saura ƙiris Tsibiri da Maradi su kasance cikin Najeriya. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka yi a 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, kuma layin da ya biyo bayanta ya bar kwarinmu a ɓangaren Ingilishi. Faransawa suka tarar hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba rijiyoyi, ba abinci. Ayarin Voulet da Chanoine da ya ratsa ƙasar Hausa a 1899 yana ƙone garuruwa, daga Lugu ta Sarauniya zuwa Birnin Ƙonni har wajajen Tasawa, ya nuna irin ta'asar da aka yi da sunan neman wannan hanya. Sai aka sake zama a 1904 da 1906, aka tura iyaka kudu, Faransa ta samu Gobir ta Tsibiri da Katsina ta Maradi. Cikin hujjojin da aka kafa har da cewa waɗannan ƙasashe ba su taɓa bin Sakkwato ba. Daga 1906 zuwa 1908 ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Tsibiri ta faɗo nan, Sabon Birni ta faɗa can. Tsayin dakan Mayaƙi na cikin abin da ya sa yau muke karatu da Faransanci a lakwal, 'yan'uwanmu na Sabon Birni kuma da Ingilishi.

Zamanin Nasara ya sauya ma'aunin garuruwan biyu. A 1927 Maradi ta zama mazaunin kumandan, ciniki ya koma can, gyaɗa ta kawo kuɗi, alhazai suka taso. A wannan shekara ce kuma 'yan mishan na SIM suka buɗe tasharsu a Tsibiri. Ƙidayar 2012 ta ba birnin Maradi mutum 267,249, yayin da kwamin ɗin Tsibiri, gari da ƙauyukansa duka, ta haura 100,000. A tsarin mulki Tsibiri na ƙarƙashin Gidan Runji. Amma a 2010 gwamnati ta ɗaga sarautun Gobir da Katsina-Maradi da Doso zuwa matsayin sultan, suka bi sahun Agadas da Damagaram.

Wata ƙaramar fada a tsakiyar teku

Don mu gane darajar abin da ke hannunmu, mu leƙa can ƙarshen duniya, yankin Polineziya cikin tekun Pasifik. Akwai ƙasar tsibirai da ake kira Tonga, mutanenta duka ba su wuce 100,000 da 'yan kai ba, wato kusan yawan jama'ar kwamin ɗin Tsibiri. Babban birninta, Nuku'alofa, ƙaramin gari ne a bakin ruwa. Sarkin da ya haɗa kan ƙasar bayan dogon yaƙin basasa, Tupou na ɗaya, ya hau karaga a 1845, lokacin da Mayaƙi ke sarauta a nan. A 1875 ya ba ƙasarsa kundin tsarin mulki a rubuce. Ingila ta ɗora mata kariya daga 1900 zuwa 1970, amma gidan sarautar bai gushe ba har yau. Su ma ruwa ne abincinsu, ruwa ne barazanarsu: a watan Janairu na 2022 aman wuta daga ƙarƙashin teku ya turo igiyar ruwa har cikin birnin. Abin da ya kamata mu ɗauka wurinsu shi ne rubutu. Sun adana tarihin sarautarsu a takarda tun da wuri, mu kuwa yawancin namu yana bakin makaɗa da dattawan fada, kuma kowace shekara muna rasa wasu daga cikinsu.

Abin da ke gabanmu yau

Na farko ruwa. A 1945 gulbi ya cinye tsohuwar Maradi da ke kwari, dole aka tashi aka koma kan tudu. Daga baya matsalar ta juye. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina wajajen 1990, ruwan da ke isowa kwarinmu ya ragu, malalar da ke sabunta ƙasar fadama ba ta zuwa kamar da. A Jiratawa, filin noman rani na kusan hekta 500 da aka shirya a farkon shekarun 1980 ya dogara ne da ruwan ƙarƙashin ƙasa da ake jawowa da injin, shi ke ba mu zogale da kayan miya. Kurmin da ya kare Mayaƙi kuwa gatari ya gama da mafi yawansa. Ganin gulbi ya yi sanyi sai mutane suka koma gini kan hanyar ruwa, har damina irin ta 2024 ta zo ta tuna mana cewa ruwa ba ya manta hanyarsa. Masu raba filaye tsakanin Maradi da Tsibiri, inda garuruwan biyu ke neman haɗewa, ya kamata su san inda ruwa ke bi kafin su sa hannu a takarda.

Na biyu zumunci. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako iyaka suna gudun 'yan bindiga, da yawansu daga ƙasar Sabon Birni da Isa, aka tarbe su a ƙauyukan Gidan Runji da wurare irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ga kuma rufe iyaka da aka sha, na 2019 da wanda ya biyo bayan Yulin 2023, wanda ya raba uwa da ɗiya, ya tsayar da fatauci. Wanda ya san tarihin da muka kawo ba zai kalli waɗannan bayin Allah a matsayin baƙi ba. Jikokin waɗanda suka bi Ɗan Halima ne suka dawo wurin jikokin waɗanda suka zauna da Mayaƙi. Tsibiri kanta 'yan gudun hijira ne suka gina ta, kuma don Maradi ta ba su wuri ne muke da sarautar Gobir a Nijar yau.

Don haka kira gare ku matasa, musamman ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: wayar da ke hannunku ta isa ta ɗauki murya. Ku je wurin tsofaffin unguwarku, ku tambaye su sunayen sarakuna bi da bi, da inda ganuwa ta bi, da yadda gulbi yake a ƙuruciyarsu, ku rubuta ku ajiye. Dattawanmu na fada da malaman tarihi, inda kuke da ƙarin bayani ku aiko mana, za mu karanta shi a shirinmu na gaba.

Allah ya jiƙan magabata, ya ja zamanin sarakunanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar da Najeriya lafiya. Amin.