Kuɗin Kaisar a ƙasar Adar

A ƙauyukan da ke kewaye da Bambeye, da wuya dattijo ya ba da labarin zamanin Nasara bai ambaci lanho ba. Kalmar ta Faransanci ce, bakin Hausawa ya tanƙwara ta, kuma nauyinta ya daɗe a zukata. Da Faransawa suka kafa mulkinsu a Tawa a farkon ƙarni na 20, sun ɗora haraji a kan kowane kai, suka sa sarakunan kanto da masu gari su tara shi. Ba a jima ba suka daina karɓar wuri, suka ce sai kuɗinsu. Manomin da ke da gero a rumbu amma ba shi da dala a aljihu, dole ya sayar da hatsi da araha lokacin kaka, ko ya tafi cin rani. Wasu magidanta sun tsallaka iyaka zuwa ƙasar Sakkwato, ba su dawo ba. Ga kuma aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946.

A cikin wannan hali ne bishara ta shigo ƙasar Hausa ta Nijar. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan a 1950 suka buɗe asibitin Galmi a kudancin jihar Tawa ta yau. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Saboda haka Kiristocin farko, ƴan kaɗan a tsakiyar dangi Musulmi, sun tarar da kalmar haraji a cikin littafinsu, da harshen da ake kiran sunayensu da shi ranar biya.

Abin da suka karanta bai yi nisa da rayuwarsu ba. Yahudiya ta zamanin Yesu ƙasa ce da baƙi suke mulka, masu karɓar haraji kuwa ƴan ƙasa ne da jama'a ke ƙyama. A Linjilar Matiyu, sura 22, an tambayi Yesu ko ya halatta a biya Kaisar. Tarko ne aka ɗana masa: in ya yarda, talakawa su juya masa baya, in ya ƙi, a kai ƙararsa wajen Romawa. Sai ya nemi a nuna masa dinari, ya tambayi hoton wane ne a jiki, ya raba haƙƙi biyu, na mai mulki da na Allah. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Romawa, sura 13, ya ƙara da cewa biyan haraji al'amarin lamiri ne, bai tsaya ga tsoron hukunci ba.

Masu mulki a ko'ina sun fi son rabin farko na wannan koyarwa. Amma wanda ya ce a ba sarki nasa ya kuma shata masa iyaka, domin akwai abin da ba nasa ba: ibadar mutum da lamirinsa. Haka nan a Luka, sura 3, da masu karɓar haraji suka zo wajen Yahaya Mai Baftisma, bai ce su bar aikin ba. Ya hana su ƙara ko kaɗan a kan abin da aka yanka. Duk wanda ya san yadda kuɗin lanho kan kumbura tsakanin ofishin kwamanda da ƙofar talaka ya san wa ake nufi.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, tambayar ta sake kama. Kaisar ya zama ɗan ƙasa, ikilisiyar bishara ma ta tsaya da ƙafafunta da sunan EERN. A ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin uraniyom suka shigo, gwamnatin Seyni Kunce ta soke tsohon harajin kai na ƙasa. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, Bambeye ta sami majalisarta, harajin gari ya zama kuɗin da ya kamata a gani a rijiya da aji da ɗakin shan magani. Mai bi da ke fitar da zakkarsa da baikonsa ran Lahadi, ya kuma saurari bayanin ma'ajin ikilisiya, ba shi da hujjar ɓoye kansa ranar biyan haraji, kuma yana da bakin tambayar inda kuɗin suka shiga.

Wannan ba baƙon zance ba ne ga maƙwabcinsa Musulmi, wanda ya gaji maganar amana da baitulmali daga malamansa. Ga malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu, akwai aiki a nan: a zauna da dattawan da suka ga ƙarshen zamanin lanho, a rubuta abin da suka sani tun suna raye. Yaron da ya ji yadda kakansa ya sayar da akuyar gida don ya biya kuɗin da bai taɓa ganin amfaninsu ba zai gane dalilin da ya sa ake neman rasit, ake kuma neman bayani.