Gadaje Uku a Seattle: Yadda Aka Fara Wankin Ƙoda da Waɗanda Aka Zaɓa Su Rayu

A watan Janairun 1962 aka buɗe wata cibiyar wankin ƙoda a birnin Seattle da ke arewa maso yammacin Amurka, a ƙasan ginin da ma'aikatan jinya na asibitin Swedish suke kwana. Gadaje uku ne kacal a cikinta. Masu buƙata sun ninka abin da gadajen za su iya ɗauka, kuma duk wanda bai samu gurbi ba, makonni kaɗan suka rage masa a duniya. Likitocin ba su yarda su ɗauki nauyin zaɓen su kaɗai ba, sai aka miƙa shi ga wasu mutum bakwai da aka ɓoye sunayensu. Kafin a kai ga wannan ɗaki, sai da likitanci ya yi shekara 135 yana lalube.

Mafarin laluben shi ne 1827, lokacin da Richard Bright, likita a asibitin Guy's da ke Landan, ya wallafa abin da ya lura da shi a jikin majinyata masu kumburi. Idan aka ɗumama fitsarinsu a cokali a kan wutar kyandir, sai ya ɗaure kamar farin ƙwai. Idan sun mutu aka buɗe gawarsu, sai a tarar ƙodarsu ta lalace. Bright ya haɗa abubuwan uku wuri guda, har aka daɗe ana kiran ciwon ƙoda da sunansa. Gano ciwon bai zo da magani ba. An ci gaba da hana majinyata gishiri da nama, ana sa su gumi, ana ba su maganin wankin ciki, suna mutuwa.

Aikin ƙoda tacewa ne. A kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kusan miliyan guda, kuma su biyun suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a yini, su mayar da kusan dukansa cikin jiki, su fitar da lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Idan suka tsaya, ruwa ya taru, dattin jiki ya taru, musamman yuriya (sinadarin nan da manoma suka sani a buhun taki) da fotasiyam, wanda idan ya yi yawa yakan tsayar da zuciya. Tsayawar iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne ƙashin bayan wannan tarihi. Akwai ta farat ɗaya, wadda zubar jini ko guba ko mummunan rauni ke jawowa. A irin wannan ƙoda kan iya farfaɗowa idan aka riƙe majinyacin na 'yan kwanaki. Akwai kuma ta sannu a hankali, wadda a yau ciwon siga da hawan jini ne kan gaba wajen haddasa ta. Wannan idan ta kai ƙarshe ba ta komawa.

Dabarar tace jini a wajen jiki ta girmi na'urarta. Tun 1861 Thomas Graham, masanin haɗa sinadarai ɗan Scotland, ya nuna cewa ƙananan sinadarai suna ratsa siririyar fata su shiga ruwan da ke ɗaya gefen, manya kuwa ba sa iyawa. A 1913 John Abel da abokan aikinsa a Baltimore suka gwada hakan a jikin dabbobi, a 1924 kuma Georg Haas ya gwada a jikin mutum a Giessen ta Jamus. Babu wanda ya rayu cikin majinyatansa. Jini yana daskarewa da zarar ya bar jiki, abin da suke da shi na hana daskarewar kuwa daga matsattsaku ake tatsar sa, ba shi da tsabta. Sai a ƙarshen shekarun 1930 aka samu tataccen maganin hefarin.

Daidai wannan lokaci wani matashin likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, yana aiki a asibitin jami'ar Groningen. A 1938 ya ga wani saurayi ɗan shekara 22 yana mutuwa a hankali saboda ƙodarsa ta tsaya. Kolff ya yi lissafin cewa da za a riƙa cire masa yuriya kamar giram 20 a kullum, da ya rayu. Ya samo siririyar ledar salofen da mahautan Turai ke cusa niƙaƙƙen nama a ciki, ya zuba jini mai yuriya, ya riƙa girgiza ta a cikin ruwan gishiri. Yuriyar ta fice, jinin ya zauna.

A watan Mayun 1940 Jamus ta mamaye Holan. Malaminsa, Farfesa Polak Daniels, wanda Bayahude ne, ya kashe kansa, kuma Kolff bai yarda ya yi aiki a ƙarƙashin wanda 'yan mamaya suka naɗa ba. Ya koma wani ƙaramin asibiti a garin Kampen. A can, tare da Hendrik Berk na masana'antar kwanuka da tukwane masu fenti ta garin, ya ƙera wata ganga da ke kwance tana juyawa a cikin kwarin ruwa. An naɗe ta da doguwar ledar salofen, jinin majinyaci yana bi ta cikin ledar, dattinsa yana ratsawa cikin ruwan. Mahaɗar da ke barin gangar ta juya ba tare da jini ya zube ba, daga famfon ruwan motar Ford aka kwaikwayo ta.

Daga 1943 zuwa 1945 ya ɗora majinyata 16 a kan na'urar, kusan dukansu suka mutu. Da a yau ne, da wuya wani kwamitin ɗa'ar bincike ya bar shi ya wuce na biyar. Sai dai akwai abin da yake gani da idonsa: mutumin da ya suma saboda dattin jini yakan farka ya yi magana, ko da na kwana ɗaya ne. A watan Satumban 1945 aka kawo masa Sofia Schafstadt, mai shekara 67, daga wurin da ake tsare da waɗanda suka yi wa 'yan Nazi aiki. Akwai waɗanda suka ga bai kamata a ɓata na'ura a kanta ba. Kolff, wanda shi kansa ya taimaka wa masu adawa da mamayar, ya ɗora ta. Bayan awa 11 ta farfaɗo, kuma abin da aka ruwaito ta fara faɗa shi ne za ta rabu da mijinta. Ƙodarta ta dawo aiki, ta ƙara shekaru a duniya. Ita ce mutum ta farko da wankin ƙoda ya ceta. Kolff bai yi rajistar mallakar na'urarsa ba. Kyauta ya aika da ita asibitoci a Landan da Montreal da New York.

Na'urar tana da iyaka, kuma iyakar a jikin majinyaci take. Duk lokacin da za a yi wanki sai an yanka jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, kuma jijiyar da aka yanka sau ɗaya ba ta sake amfani. Wata matashiya cikin majinyatan Kolff na farko an yi mata wanki sau 12 kafin jijiyoyinta su ƙare. Saboda haka har shekara 15 bayan nasarar Kampen, masu tsayawar farat ɗaya kaɗai ke amfana. Mai ciwon da ba ya komawa, likitoci da yawa sun ɗauki ɗora shi a kan na'ura a matsayin tsawaita masa wahala.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Belding Scribner na Jami'ar Washington a Seattle, likitan da a gidan kan ruwa yake zaune, da kwalekwale yake zuwa aiki. Tunaninsa shi ne a saka bututu biyu a jijiyoyin hannu a bar su a wurin, idan an gama wanki a haɗa bakunansu da wani lanƙwasasshen bututu, jini ya ci gaba da zagayawa. Injiniya Wayne Quinton ya ƙera shi da Teflon, robar da abu ba ya manne mata. Ranar 9 ga Maris, 1960 aka saka wa Clyde Shields, ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Boeing mai shekara 39. Ya ƙara shekara 11, kuma bugun zuciya ne ajalinsa.

Daga nan matsalar ta tashi daga ɗakin bincike ta koma teburin lissafi. Majinyaci ɗaya yana cin fiye da dala 10,000 a shekara, kuma ba ya sauka daga na'urar sai ranar da ya mutu, ko ya dace da dashen ƙoda, wanda a lokacin tsakanin tagwaye masu kama ɗaya ne ya fi yin nasara, tun wanda Joseph Murray ya yi a Boston a 1954. Ƙungiyar likitocin gundumar King ta naɗa kwamitin mutum bakwai: lauya, limamin coci, ma'aikacin banki, matar aure, jami'in gwamnatin jiha, shugaban ƙwadago da likitan tiyata. Kafin takarda ta iso gabansu, likitoci sun riga sun cire yara da waɗanda suka haura shekara 45. Kwamitin ya ƙara da cewa sai mazaunin jihar Washington. A cikin waɗanda suka rage, ana duba aure da yawan iyali, albashi da dukiya, ilimi da sana'a, da abin da ake ganin mutum zai amfanar nan gaba. Ba sa ganin majinyacin, takardarsa kawai suke karantawa.

A watan Nuwamban 1962 'yar jarida Shana Alexander ta bayyana aikin kwamitin a mujallar Life, Amurka ta ɗauka. Abin da ya tayar da hankalin masu karatu shi ne yadda ma'aunin ya yi kama da masu riƙe da shi. Magidanci mai zuwa coci, mai aikin yi da 'ya'ya, ya fi gwauro ko matalauci samun gado. A 1968 David Sanders da Jesse Dukeminier suka yi wa tsarin kaca-kaca a wata mujallar shari'a, suna cewa son ran masu matsakaicin hali ne aka mayar doka. Sukar tana kan gaskiya. Amma ya kamata a yi wa mutum bakwan adalci ta fuska ɗaya: ba su suka ƙirƙiro ƙarancin gadaje ba, kuma a sauran biranen Amurka galibi likitoci ne ke yin zaɓen, babu mai tambaya. Laifin Seattle ya fito fili ne saboda a can an rubuta ƙa'idojin. Masana da dama suna ɗaukar wannan muhawara a matsayin ɗaya daga cikin tushen fannin ɗa'ar likitanci na zamani.

Ƙarancin ya tura bincike gaba. Da aka hana wata 'yar makarantar sakandare gurbi saboda shekarunta, Albert Babb, farfesan injiniyanci kuma abokin mahaifinta, ya ƙera ƙaramar na'urar da aka kai mata gida a 1964. A 1966 James Cimino da Michael Brescia a New York suka fito da hanyar ɗinke jijiyoyin biyu a ƙarƙashin fata, wadda ta maye gurbin bututun Scribner, kuma ita ake yi wa masu wankin ƙoda har yau.

Siyasa ce ta rufe babin kwamitin. A watan Nuwamban 1971 wani majinyaci mai suna Shep Glazer ya sa aka ɗora shi a kan na'ura a gaban wani kwamitin Majalisar Wakilan Amurka. Ranar 30 ga Oktoba, 1972 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ta ɗora kuɗin wankin ƙoda da dashenta a kan shirin lafiya na Medicare, ga kusan kowane Ba'amurke, komai shekarunsa. Masu wanki a ƙasar a lokacin kimanin 10,000 ne. Yanzu sun haura 500,000, kuma da yawansu tsofaffi ne da masu ciwon siga, wato irin waɗanda takardarsu ba ta ko isa gaban mutum bakwan. A 2002 aka ba Kolff da Scribner lambar yabo ta Lasker tare.

A inda baitulmali bai ɗauki nauyin ba, zaɓen bai gushe ba. A 1997 Thiagraj Soobramoney, mai shekara 41, ya kai ƙara har Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu bayan asibitin Addington da ke Durban ya hana shi wanki. Ƙa'idar asibitin ita ce a fifita wanda za a iya yi wa dashe, shi kuwa yana da ciwon siga da na zuciya. Kotun ta yanke cewa haƙƙin samun lafiya yana tafiya ne da abin da gwamnati ke da shi a hannu. Ya rasu kwana biyu bayan hukuncin.

A Najeriya an buɗe sashen wankin ƙoda na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981, aka yi dashen farko a asibitin St. Nicholas a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya biyo baya a 2002. Ƙa'idar wankin sau uku ce a mako, kimanin awa huɗu kowane zama. Yawancin majinyata daga aljihunsu da na dangi suke biya, kuma abin da likitocin ƙoda na ƙasar suka sha rubutawa shi ne mafi yawan waɗanda suka fara ba sa iya ci gaba bayan watanni uku na farko.