Zafi, Caji da Mutuwar Batirin Mota a Yankin Bakolori: Nazari kan Abin da Awon Wuta ke Nunawa da Abin da Yake Ɓoyewa

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗora ƙa'idojin awon batirin mota a kan yanayin Birnin Tudu da garuruwan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Bakolori, cikin ƙananan hukumomin Bakura, Talata Mafara da Maradun a Jihar Zamfara. Hujjar da ake kafawa ita ce zafin bazara ne ke cinye batir, sanyin hunturu tona asirinsa kawai yake yi. Awo ɗaya kuma, mota tana kashe, bai isa a yanke hukunci kan lafiyarsa ba.

1. Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, da nufin ba da ruwa ga fili kimanin hekta 23,000, noman rani ya zama ƙashin bayan tattalin yankin. Shinkafa, tumatir da albasa kuwa sai da mota suke isa kasuwar Talata Mafara, ko su hau babban titin Gusau zuwa Sakkwato. Direban da motarsa ta ƙi tashi da asubar ranar kasuwa, da kwandunan tumatir a baya, ya yi asarar da ta zarce kuɗin batir. A halin tsaron da jihar ke ciki ma, mutuwar mota a tsakiyar daji ta wuce maganar asarar kuɗi.

2. Hanyar nazari

An ɗauki alƙaluman da masana'antar batir ta amince da su, aka gwada su da abubuwa uku: zafin yankin, yadda ake amfani da motoci a cikinsa, da dabarun gwajin da masu cajin batir suka saba da su. Lissafin da ke ciki na marubucin ne, kuma duk mai mitar awon wuta zai iya maimaita shi.

3. Abin da mita ke faɗa

Batirin dalma da asid tsohuwar fasaha ce. Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859, Camille Faure ya kyautata farantansa a 1881, kuma har yau tsarin bai sauya sosai ba. Batirin mota yana da ɗakuna shida, kowane yana ba da kimanin bolt 2.1. Idan ya cika kuma ya huta, mita za ta nuna 12.6 ko 12.7. A 12.4 saura kashi 75 cikin ɗari na cajin, a 12.2 saura rabi, a 12.0 saura rubu'i. Daga 11.9 zuwa ƙasa ya kwashe.

Ke nan tazarar da ke tsakanin cikakken batir da wanda ya ƙare ba ta kai bolt ɗaya ba. Wannan ne ya rushe gwajin da aka fi gani a bakin tasha, inda mai caji zai ɗauki guntun waya, ya dafa kai ɗaya na batirin, ya goga ɗaya bakin a ɗayan kan, tartsatsi ya tashi, ya ce akwai wuta. Batirin da ke 12.1 ma zai yi wannan tartsatsin. Ga kuma haɗari: batirin da aka sauke daga caji yana fitar da iskar haidirojin, tartsatsi ɗaya na iya fasa shi a fuskar mai gwajin.

Ita ma mita tana yaudara idan aka yi gaggawa. Batirin da aka cire daga caji yanzu zai iya nuna 13 ko fiye, alhali cajin a fatar farantai kawai ya tsaya. Sai an bar shi ya huta sa'o'i, ko a kunna fitilun gaba na minti biyu a kashe, kafin adadin ya zama abin dogaro. Wanda ya sayi batir na hannu bisa awon da aka yi masa a gaban caja ya sayi kare a buhu.

Awo na biyu ya fi na farko nauyi. A bar mitar a kan batir, wani ya murɗa makulli. Ƙa'idar gwajin nauyi ita ce kada adadin ya faɗi ƙasa da bolt 9.6. Batirin da farantansa suka lalace zai iya nuna 12.6 yana zaune, amma da kik ya ja wuta sai ya rufto zuwa 7 ko 8. Na uku kuma ana yin sa inji yana aiki, inda ake son ganin tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da 13.5 na nufin altaneta ba ta ciyar da batir, wataƙila don fanbel ya saki. Idan ya haura 14.8, dafa shi take yi. Batir da yawa da ake zagi ba su da laifi, altaneta ce ta kashe su, kuma sabon da aka saka zai bi sawun tsohon cikin 'yan watanni.

Akwai adadi ɗaya da ba ya buƙatar tafsiri. Idan batir ya tsaya a wajen 10.5 ko bayan caji, ɗaki ɗaya ya mutu, ko kwana nawa ya yi a kan caja ba zai tashi ba.

4. Zafi

Lambar CCA da ake bugawa a jikin batir tana nuna ƙarfin wutar da zai bayar na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. An tsara ta ne don ƙasashen ƙanƙara. A Bakura ko Maradun, inda zafin rana ke haura digiri 40 a watannin Maris, Afrilu da Mayu, amsa ce ga tambayar da ba wanda ya yi.

Alƙaluman masana'anta ana ɗora su ne a kan digiri 25. Sananniyar ƙa'ida kuma ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage rabin rayuwar batirin dalma. Ƙarƙashin bonet ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, musamman a motar haya da ke yini tana jigila da lodi. Zafi yana yin ɓarna ta hanyoyi uku a lokaci guda. Yana ƙafar da ruwan batir, yana hanzarta cin ragar da ke riƙe da farantai, yana kuma sa batir ya karɓi wuta fiye da kima a adadin cajin da ba zai cutar da shi a wuri mai sanyi ba. Don haka 14.4 da ake ɗauka daidai a littafi yana bakin iyaka ne a tsakiyar bazarar Zamfara.

Abin da ke rikitar da direbobi shi ne zafi yana ƙara wa batir kuzari na ɗan lokaci. Mota za ta riƙa tashi da bugu ɗaya duk tsawon bazara da damina, ciki kuwa yana ruɓewa. Sai asubar Disamba ko Janairu, man inji ya yi kauri, batir ya yi sanyi, a ji ƙas-ƙas kawai. A nan ake ɗora wa hunturu laifin da Afrilu ya aikata. A ganin wannan nazari, lokacin da ya fi dacewa a yi gwajin nauyi shi ne Oktoba zuwa Nuwamba, kafin iskar hunturu ta sauko.

Maganar ruwa ma tana nan. Abin da ke ƙafewa ruwa ne, asid ɗin yana nan, don haka tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa. Ƙara asid yana ɗaga adadin mita na 'yan kwanaki, sannan ya cinye farantai. Ruwan rijiya ko na kanal yana ɗauke da ma'adinan da ke gurɓata ɗakunan. Mai ma'aunin kaurin ruwa zai ga 1.265 a cikakken ɗaki, kuma bambancin 0.050 tsakanin ɗaki da ɗaki alama ce ta lalacewa.

5. Motar da ke ajiye

Tayar da inji ba ya cin caji sosai. Ampiya 200 na daƙiƙa uku bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ampiya-awa guda ba. Zama ne ke kashe batir. Mota mai lafiya tana zuƙar har miliampiya 50 ko tana kashe, wato ampiya-awa 1.2 a yini, kuma batir mai ampiya-awa 60 zai sauka rabi cikin kwana 25. Idan mai wayarin ya jona rediyo ko soket ɗin cajin waya kai tsaye, zuƙar ta kai miliampiya 300, kwana huɗu sun kusa isa. Batirin da ya jima ƙasa da 12.4 kuwa gishirin dalma yana daskarewa a farantansa, ya ƙi narkewa.

Wannan ya shafi taraktocin da ke aiki wata biyu su kwanta sauran shekara, da motocin kasuwa a lokuta irin na Satumba 2021, sa'ad da gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako saboda tsaro. Cire kan batir na baƙar waya da yi masa caji sau ɗaya a wata ya wadatar. Haka nan tsohon batirin mota da ake mayarwa gida a haɗa da faifan sola ba ya jimawa, domin an ƙera shi ne don bugu ɗaya mai ƙarfi, bai jure a kwashe shi kowane dare ba.

6. Bayan ya mutu

Fiye da rabin nauyin batir dalma ce, shi ya sa 'yan gwangwan ke sayen mataccensa da daraja. Zamfara ta san dalma. A 2010 gubarta, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ta kashe yara aƙalla 400, har sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega. Ƙurar da ke fita idan aka fasa batir da gatari a tsakar gida, aka tuttular da ruwansa a ƙasa, guba guda ce da waccan. Mataccen batir a miƙa shi ga dila a rufe, a tsaye, da ruwansa a ciki.