Tekun da ke Kwance Ƙarƙashin Jega

Daga Aliero zuwa Jega har Maiyama akwai tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, marmara ta lulluɓe samansu, Gulbin Zamfara kuma ya yanke kwarinsa a tsakani. Masana ƙasa sun ce da can tudu ɗaya ne, ruwa ya yi ta zaizayarsa har ya bar waɗannan tsirarun. Yashi da yumɓun wurin, da suka raɗa wa sunan Gwandu, suna kwance ne bisa farar ƙasa irin ta Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato. A cikinta akwai ɓawon halittun teku, shaidar cewa teku ya ratso Sahara ya kwanta nan kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce.

Wasu za su ce ai aikin ruwan Ɗufana ne, kamar yadda wasu Kiristocin Amurka ke faɗa game da kwarin Kogin Kolorado. Sai dai ambaliya hautsina kaya take yi, duwatsun nan kuwa hawa-hawa suke, kowane da irin halittunsa; marmara ma ba ta samuwa sai bayan dogon zamani na damina da rani. Lissafin da ke ba duniya shekara 6,000 kuwa ya shahara ne ta hannun limamin coci Ussher a 1650, Alƙur'ani bai ƙayyade wa duniya shekaru ba. Albiruni, masanin Musulunci na ƙarni na 11, ya duba duwatsun Indiya ya ce filinta tsohon teku ne. Ɗaliban jami'ar Aliero su bi sawunsa, su fita su auna tsaunukan garinsu.