MAƘALAR MAKO: Narambaɗa da 'Yan Amshinsa, Me Ya Hana Waƙarsu Tsufa?



Yau sama da shekara 60 ke nan da rasuwar Ibrahim Narambaɗa, amma har gobe in aka saki muryarsa a shagon cajin waya a Ƙauran Namoda, ko a motar haya mai zuwa Shinkafi, za ka ga dattijo da saurayi sun yi tsit. Mu da muke fafutukar a tuna da littafinmu ko da shekara 2 bayan fitowarsa, ya kamata mu tambayi kanmu abin da ya riƙe waƙar mutumin nan.

An haife shi a Tubali, ƙasar Isa ta wancan zamani, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Shinkafi. Mahaifiyarsa 'yar Badarawa ce, kuma ta wajen danginta ya gaji kiɗan kotso. Masu tarihinsa sun ce laƙabin nasa ya samo asali ne daga wata karya da yake da ita mai suna Rambaɗa. Ya fara da waƙoƙin noma, daga baya ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Daga can sunansa ya kai fadojin Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, ya yi wa masu sarauta da alƙalai waƙa har zuwa rasuwarsa wajajen 1960.

Mukan ce "waƙar Narambaɗa" kamar shi kaɗai ya yi ta, alhali ƙungiya ce. Akwai shi jagora, akwai makaɗan kotso, akwai 'yan amshi masu riƙe gindin waƙa, su karɓe layi daga bakinsa su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari. In ka cire amshin, rabin armashin ya tafi.

Duniyar da suka yi wa waƙa ta sauya. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakuna, garambawul na 1976 ya kawo ƙarshen mulkin En'e, a 1996 kuma aka ƙirƙiro jihar Zamfara, Isa ta tsaya a Sakkwato, Tubali ta faɗo Zamfara. Waɗanda aka wasa duk sun kwanta dama. Waƙar kuwa ta bi rediyo, ta shiga kaset, yanzu tana yawo a WhatsApp da YouTube. Sunan babbar waƙarsa ma, Bakandamiya, ya zama kalmar da muke kiran fitacciyar waƙar kowane mawaƙi da ita. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi nazarinsa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya fitar da littafi sukutum a kansa a 2009.

A ganinmu abin da ya riƙe ta shi ne Narambaɗa bai gudu daga ƙasarsa ba. In zai yabi sarki, yakan ɗauko abin da talaka ya sani: giwa, kogi, damina, doki. Wanda bai taɓa jin sunan sarkin ba ma yana ganin hoton. Kuma da bakin gida ya yi magana, bakin "munka" da "sunka" da "hwada". Ku dubi sunan waƙarsa ta doki, Dokin Iska Ɗanhilinge. Filinge ce ta Nijar, ya faɗe ta yadda Bagobiri ke faɗi, a haka kuma Kano da Zariya suka haddace ta.

To mu fa? Da yawanmu a nan 'yan Zurmi ne da Moriki da Shinkafi, amma da mun ɗauki biro sai jarumarmu ta koma unguwar masu kuɗi a Kano ko Abuja, tana magana da bakin da ba na kakarta ba. Daidaitacciyar Hausa tana da muhallinta, ita ce ta haɗa mu da kowane mai karatu. Sai dai in tsoho ɗan Badarawa zai yi magana a labarinmu, mu bar shi ya yi ta da bakinsa.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da dama a yankin nan, tsofaffin da suka san wa aka yi wa wane zambo, da ma'anar kalmomin da suka ɓace mana, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda yake da irinsu a gida ko a maƙwabta, ya kunna masa waƙa guda a makon nan, ya tambaye shi, ya rubuta abin da ya ji. Mu tara su a nan mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Allah ya jiƙan Narambaɗa da 'yan amshinsa, ya dawo mana da zaman lafiya.