Dogon da ya tsaya a Blitta

'Yan uwa da suka saba kai iyali bakin teku idan kasuwa ta lafa sun san Aneho. Gari ne marar hayaniya kusa da iyakar Benin, teku a gefe guda, tafki a ɗaya gefen. A nan ne mazaunin mulkin Jamusawa yake kafin su mayar da shi Lome a 1897. Kuma nan ne jirgin ƙasa na farko a Togo ya nufa, a 1905, tafiyar kilomita 44 daga Lome. Yana da kyau yaranmu su ji wannan labari, domin ya shafi sana'ar iyayensu.

A wancan zamani gaɓar Togo ba ta da wurin da babban jirgin ruwa zai raɓa. Saboda haka a 1904 Jamusawa suka miƙa gadar ƙarfe cikin teku a Lome, wadda guntayenta suke tsaye a ruwa har yau, kuma kowane layin dogo can ya dosa. Na Aneho kwakwa ya kwaso. Na Kpalime, da aka buɗe a 1907, koko. Na uku ya yi arewa wajen Atakpame a 1911 saboda auduga. Abin da masana'antun Turai suke so shi aka shimfiɗa wa ƙarfe.

Mu kuwa hanyar kakanninmu daban take. Fatake sukan taso daga Kano da Katsina da kanwa da tufafi da fatu, su bi ta Sansanne-Mango ko ta Djougou su sauka a Didawure, cikin Sokode ta yanzu, su zarce Salaga neman goro. Daga gabas zuwa yamma ke nan, a kan jakuna. Dogo ya zo daga kudu zuwa arewa, ya juya fuskar ciniki zuwa teku, ala tilas muka bi.

Da Faransawa suka karɓi ƙasar, sun ci gaba da aikin da niyyar kaiwa arewa, amma karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929 ta cinye kuɗin. A 1934 dogo ya tsaya a Blitta, kimanin kilomita 276 daga Lome, saura ƙasa da 100 ya iso Sokode. Dapaong ko ƙarar jirgin ba ta ji ba. Ɗan kasuwar arewa sai ya biya mota zuwa Blitta, ya biya 'yan dako su sauke su loda, sannan ya biya jirgi. Buhu ɗaya, biya uku.

Da aka zuba wa babban titin Lome zuwa Cinkasse kwalta, manyan motoci suka ƙwace lodin, tunda su har ƙofar shago suke kaiwa. Layin Aneho ya mutu, jirgin fasinja ma ya daina tashi. An daɗe ana maganar sabon dogo da zai kai iyakar Burkina Faso. Idan maganar ta sake tasowa, tambayar da za mu fara yi wa hukuma ita ce inda tashar lodi za ta kasance a Sokode da Dapaong, da kuma nawa buhu zai biya.